Da takardar likita a jaka muka je bikin Jos

Shekara huɗu na yi ban taka Jos ba, garin da aka binne cibiyata. Ba faɗa na yi da kowa ba. Ummi ce, 'yata mai ciwon sikila. Zuwanmu na ƙarshe tana da shekara uku, muka dawo Kano da kwana biyu aka kwantar da ita, har da ƙarin jini leda guda. Tun daga nan duk tafiyar da ta wuce gida zuwa asibiti sai ta zama abin shawara, shawarar kuma kullum a wuri ɗaya take ƙarewa, a bari sai ta ƙara girma. Sallah ta zo ta wuce, an yi suna, an yi rasuwa, ni dai sai waya. Har Inna ta daina tambayata yaushe za mu zo. Wannan shirun nata ya fi mini gori ciwo.

Sai aka sa ranar auren ƙanwata, autarmu, a ƙarshen Disambar 2024, tsakiyar hunturu. Duk wanda ya san Jos ya san abin da hakan ke nufi. Garin a kan tudu yake, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma sanyinsa na asuba ba irin na Kano ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Sanyi kuwa na cikin manyan abubuwan da ke tayar wa mai sikila ciwo.

Ga wanda bai san gidanmu ba, Ummi ce 'yar farina, sunan mahaifiyar babanta ta ci. Kafin aurenmu a 2016 mun yi gwajin jini a wani ɗakin gwaji na unguwa, aka ce ni AS, wato ina ɗauke da gadon sikila amma ba ni da ciwon, shi AA, wato ba ya ɗauke da shi. Tana da wata bakwai hannayenta da ƙafafunta suka kumbura, ta kwana tana tsala kuka, ko taɓa ta ba ta bari a yi. Da aka sake gwada mu duka a babban asibiti sai ga shi shi ma AS ne. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon sikila kansa, kuma namu ya faɗo a cikin farko. Ba mu kaɗai ba ne, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Amma ranar da aka faɗa maka, ji kake kamar a kanka aka fara. Shi ya sa da maganar auren auta ta taso na kafe sai sun yi gwaji a wuri biyu daban-daban. Angon ɗan Kano ne, kuma a watan Mayun shekarar gwamnan jihar ya sa hannu a dokar tilasta gwaji kafin aure, don haka babu wanda ya ce na cika tsirfa.

Ni na fara cewa ba za mu je ba. Ummi ce ta ji ina waya, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Mama, ni ba a zuwa biki da ni ne saboda ina da ciwo?” Shekararta bakwai. Ban samu amsar da zan ba ta ba. Da daddare na ce wa babanta, “Baban Ummi, mu tambayi likita. In ta ce a'a, shi ke nan.”

Likitarta ba ta ce a'a ba. Ta ce yaran da take dubawa suna zuwa ƙauye, suna zuwa Umara, abin da ke kayar da mutane shi ne tafiya babu shiri. Ta ba mu rana saura mako uku biki, aka ɗebi jini aka duba PCV, wato awon yawan jinin jiki. Na Ummi idan tana lafiya ƙalau a 24 yake zama. Wannan lambar ta fi lambar wayata muhimmanci, don likitan da bai san yarinya ba, idan ya ga 24 zai iya ruɗewa ya ce a ƙara jini, alhali ita haka take rayuwarta. Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120, ta mai sikila kuwa tsakanin 10 zuwa 20 take mutuwa, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake, farin idonsu kuma da ɗan ruwan ɗorawa.

Sai ta rubuta mana takarda shafi ɗaya, da hatimi. Ta sa cewa SS ce, rukunin jininta, nauyinta, PCV ɗin da ta saba zama a kai, magungunan da take sha kullum, maganin ciwon da yake yi mata aiki da adadinsa, da ranar da aka yi mata ƙarin jini na ƙarshe. Ta sa lambar da za a kira. Na yi kwafi uku, na ɗauki hotonta a wayata da ta babanta, na tura wa yayana a Jos. Daga baya za ku ji amfaninta.

Magungunan kullum uku ne: folik asid, 'yar ƙwayar nan rawaya, Paludrine don kare ta daga zazzaɓin cizon sauro, sai haidroksiyuriya, wanda aka ɗora ta a kai tana da shekara biyar bayan an yi mata hoton jijiyoyin kai, irin wanda ake yi wa yara masu sikila don gano waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A nan Kano ma aka yi binciken da ya nuna amfanin maganin wajen wannan kariya, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala. Tun da ta fara shan sa kwanciyarmu a asibiti ta ragu ƙwarai, kuɗinsa ne dai ke cin aljihu. Na sayi na wata guda ko da yake kwana biyar za mu yi, na raba gida biyu, rabi a jakar hannuna, rabi a akwati.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne maganar jini. Na kira yayana na ce, “Yaya, don Allah ka je a gwada ka, kai da duk wanda ka yarda da shi, mu san wa zai iya ba ta in ta kama.” Ya yi shiru, ya ce, “Ke kuwa ya za ki riƙa yi wa yarinya fata?” Na ce ba fata ba ne, na taɓa tsayawa a barandar asibiti ƙarfe uku na dare ina kiran mutanen da rabona da su tun makaranta ina roƙon jini, ba na son in sake. Ya je. Aka dace shi AA ne kuma jininsu ya zo ɗaya, haka ma wani abokinsa. Na kuma sa ya zagaya ya gano mini asibitin da ke kusa da gida mai likita da dare, ya auna minti nawa ne a mota.

Kayan sanyi a gwanjon Ƙofar Wambai na haɗa su: rigunan sanyi biyu masu kauri, dogon wandon ciki, safa ƙafa shida, safar hannu, hular sanyi mai rufe kunne. Na haɗa da gidan sauro, filas babba, robar ɗumama jiki, man zafi, ma'aunin zafin jiki, farasitamol da ibufurofen, gishirin ORS, da ledar shimfiɗa. Wannan ledar sai uwar mai sikila ta san zancenta. Ƙodarsu ba ta riƙe ruwa yadda ya kamata, ga shi dole su yi ta sha, don haka fitsarin kwance yakan daɗe bai bar su ba. A gida ba komai ba ne. A gidan biki, cikin 'yan'uwa sa'anninta, abin kunya ne da zai iya sa ta ƙi shan ruwa, ƙin shan ruwa kuwa shi ne hanyar asibiti. Tun daga Kano na roƙi Inna ta ba mu ɗakinta na ƙurya mu kaɗai.

Ƙaninta mai shekara huɗu, shi AS ne, lafiyarsa lau. Yana kallon ana ta jera wa yayarsa kaya sai ya kwanta a tsakar ɗaki ya riƙe ƙafa ya ce, “Ni ma sikilata ta tashi.” Muka yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Washegari na koma kasuwa na sayo masa tasa hular da tasa gorar ruwa.

Bahaushe da tafiya sai sammako, mu kuwa sai da rana ta ɗaga, wajen ƙarfe tara, muka tashi. Ba na son iskar asuba ta buge ta, kuma ina son mu ratsa dajin Falgore da rana tsaka. Muka bi ta Kwanar Dangora, Tudun Wada, muka shiga dajin. Ba a kunna esi ba, gilashi a rufe saboda ƙura, sai ɗan tsagi ta gaba. Gorarta na yi wa zane da biro gida huɗu, na ce duk gari ɗaya gida ɗaya. Abin da ya shiga kuwa sai ya fita. Mun tsaya fitsari kafin daji, mun tsaya bayan daji, a tsakiyarsa ma ta ce ta matsu. Babanta ya dube ni ta madubi, na dube shi, babu wanda ya ce uffan. Ba wurin tsayawa ba ne. Fo ɗin ƙaninta na jawo daga ƙarƙashin kujera, na kare ta da zane, mota na tafiya. Ta ce kar in faɗa wa kowa, na ce to. Yanzu da na tambaye ta ko in rubuta, ta ce in rubuta amma in ce tana ƙarama lokacin.

A Saminaka muka yi azahar, na sa ta zagaya mota sau uku don jini ya motsa, zama wuri ɗaya ma ba ya yi musu daɗi. Daga Jingir aka fara hawa, iska ta canja, na sa mata rigar sanyi ta biyu. Tafiyar da direbobin haya ke yi a awa biyar, mu sai da muka ci kusan bakwai. La'asar sakaliya muka shiga gida.

A nan aikin gaske ya fara, don ban san hanya ta fi dangi sauƙi ba sai da na isa. A al'adarmu uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya. Ni kuwa ciwo ya daɗe da cire mini wannan kunyar. Wadda ta sha rungumar 'yarta a layin asibiti tana ƙwala kiran sunanta, ina ta ga ta kara? Sai ga ni a tsakar gida cike da goggonni ina bin yarinya da kofi, ina taɓa goshinta, ina cewa a dafa ruwan wankanta, ruwan alwalarta ma a sirka. Na ji ana ƙus-ƙus. Wata ta ce, “'Yan boko dai ba kunya, 'yar fari ce fa.” Wata ta ce shagwaɓa ce ta hana yarinyar ƙiba.

Da magariba Goggo, yayar babanmu, ta kira ni ɗaki ta miƙo mini galan ɗin jiƙo. Ta ce, “Amosani ne, mun san shi tun kafin a haife ki. Ki ba ta safe da yamma, ki daina ɗura mata ƙwayoyin Bature.” Na durƙusa na karɓa da hannu biyu na ce, “Allah ya saka da alheri, Goggo, Allah ya bar zumunci.” Na kai shi bayan gado na ajiye. Ban yi mata musu ba, don na san abin da ke ranta: ta binne 'ya'ya uku suna ƙanana, a zamanin da ake ce wa irin wannan wabi, kuma babu wanda ya taɓa gwada jininta. Amma ban san abin da ke cikin galan ɗin ba, hantar Ummi da ƙodarta kuma suna da aikin da ya ishe su. Rubutun da Kawu ya kawo dai na ba ta, da ruwan ɗumi.

Inna ce ta raba gardama ba tare da ta ɗaga murya ba. Da aka kawo kaskon gawayi za a sa mana a ɗaki na ce a'a, hayaƙinsa a rufaffen ɗaki haɗari ne ga mai lafiya ma balle ita, sai wata ta fara magana. Inna ta ce, “Ku bar ta. Ita ta kwana da ciwon nan shekara bakwai, mu labari muke ji.” Ta ɗauko bargonta na Makka ta ba mu.

Kwana biyu komai lafiya. Ummi ta yi ƙawaye, ta ci dankalin Turawa har ta gaji, ta ga duwatsun da nake ba ta labari. Na fara sakin jiki. Ranar ƙunshi na shiga ɗakin amarya ana ta lissafin kayan gara, na bar ta da 'yan'uwanta a tsakar gida mai lalle tana zana musu. An idar da magariba ta cire safar hannu da rigar sama don kar lalle ya ɓaci, ta zauna a kan tabarma hannu a miƙe fiye da awa guda tana jiran ya bushe. Da ya bushe suka je bakin rijiya suka wanke. Babu wanda ya yi da mugunta, yara ne. Ni ce ban leƙo ba.

Ƙarfe biyu na dare na ji tana juyi. Ba ta kuka da farko, wani nishi take yi ƙasa-ƙasa, wanda ko cikin barci na san shi. Na ce, “Ina ne?” Ta ce hannu da baya. Muna da yadda muke yi, in ce ta nuna mini da yatsu, ɗaya ɗan kaɗan, biyar wanda ba a iya jurewa. Ta ɗaga uku.

Na kunna fitilar waya na bi abin da aka koya mini a asibiti ɗaya bayan ɗaya. Ma'auni ya nuna 37.2, babu zazzaɓi. Da ya kai 38 ba zan tsaya komai ba, don zazzaɓi a jikin mai sikila ba a kwana da shi. Na ja fatar idonta na duba tafin hannunta, duk da lalle ya rufe rabi, ban ga ta yi fari fat ba. Na sa yatsu a ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu na laluba saifa, ba ta kumbura ba. Na saurari numfashinta, na tambaye ta ko ƙirji na ciwo, ta ce a'a. Na sa ta yi murmushi ta ɗaga hannu biyu, duka suka ɗagu daidai. Sannan na ba ta magani gwargwadon abin da ke takarda, na cika roba da ruwan filas na naɗe a zane na sa mata a baya, na yi ta mulmula mata man zafi ina ba ta ruwan ɗumi kurɓi-kurɓi. Inna ta tashi ta zauna a gefen gado tana tofa mata addu'a, ba ta tambaye ni komai ba.

Bayan awa ɗaya da rabi ta ɗaga yatsu biyar, ta fara kiran “wayyo Mama bayana zai karye.” Na buga wa babanta da Yaya waya a ɗakin maza. Minti goma sha biyu Yaya ya ce, kuma haka ɗin ne.

Ma'aikaciyar da muka tarar ta dube mu a gajiye ta ce a ba ta farasitamol a dawo da safe. Na ce an ba ta tun ƙarfe biyu, ga abin da likitarta ta ce a yi idan bai ji ba. Ta ce kowa haka yake zuwa yana zaɓar allura. Wannan maganar masu sikila sun saba jin ta, manyansu ma har 'yan ƙwaya ake ce musu, don ciwon ba ya nuna rauni a waje. A da da na yi kuka ko na yi faɗa. Wannan karon takardar kawai na miƙa. Ta karanta, ta ga hatimi, ta je ta taso likita. Shi kuma ya karanta sau biyu, ya ce, “Da kowa zai zo mana da irin wannan ai da mun huta.” Kafin a kira assalatu an sa mata ruwa, an yi mata allura, ta yi barci da bakinta a buɗe. PCV ya dawo 22. Ya ce tunda a 24 take zama ba sai an ƙara jini ba, a dai sa ido. Yaya, da ya zo da shirinsa har ya naɗe hannun riga, ya koma ya zauna a benci.

Kwana biyu muka yi. Na rasa kamu, na rasa yinin biki, ankon da na ɗinka yana cikin akwati ko ninkinsa ban warware ba. Na tambayi likitan ko ruwan rijiyar ne, ya ce zai iya zama shi, zai iya zama gajiyar hanya da ta wasa, wani lokacin ma ciwon yakan tashi ba tare da an ga dalili ba, in daina tuhumar kaina. Na ji shi, amma har yau idan na tuna tabarmar nan sai cikina ya juya.

Ranar da za a kai amarya Kano, motoci sun jeru a ƙofar gida, auta ta ce ba za ta shiga ba sai an biya da ita asibiti. Aka ce ba a yi, amarya ba ta yawo. Ta ce to a fasa. Sai ga ta a ɗakin yara lulluɓe da laffaya, ƙamshin turaren wuta ya cika ko'ina, masu jinya suna leƙowa. Ta zauna a bakin gado ta jera hannunta da na Ummi suna gwada wanda lallensa ya fi kamawa. Goggo ma ta biyo su. Ta daɗe tsaye tana kallon ledar ruwan da ke ɗiga, sannan ta matso kusa da ni ta ce a hankali, “Nawa ma haka suke yi, da hannu da baya.” Ba ta sake tambayata galan ɗin ba.

Bayan sallama mun ƙara kwana huɗu a wurin Inna kafin mu kama hanya, don likita ya ce kar a ɗora mata tafiya jiki bai dawo ba. Gida ya watse, sai mu kaɗai. Waɗannan kwanakin su ne ainihin zuwana Jos. Da hantsi Inna takan shimfiɗa tabarma inda rana ta fi bugawa, ta zaunar da Ummi tana taje mata kai, ƙaninta na bin kaji. Na ga Inna da kanta tana sirka ruwa tana gwadawa da gwiwar hannu kafin ta miƙa mata buta.

Da muka koma ganin likitarta a Janairu, lallen bai gama fita ba, ga kuma ɗan tabon allurar ƙarin ruwa a bayan hannun, a tsakiyar zanen fure. Likita ta tambaye ta yaya Jos. Ta ba ta labarin duwatsu, da amarya, da kazar da ta kori ƙaninta, ba ta ko ambaci asibiti ba sai da aka tambaye ta. Na karɓi sabuwar takarda da sabon nauyinta, don Inna ta riga ta ce Babbar Sallah a can za mu yi. A jerin kayan da ke manne a murfin akwatina na ƙara layi ɗaya da jan biro: ƙunshi da rana, wankewa da ruwan filas.